Fensirin Mai Sabulu

Kwana uku ke nan ma'aikaciyar ofishin haraji tana ganinsa a kan benci na biyu. Dattijo ne siriri, tafin hannunsa duk ya koɗe, ƙamshin sabulu yana binsa duk inda ya gifta. Ba ta ko shakka sabulu yake haɗawa yana sayarwa. Fensir na maƙale a bayan kunnensa, a kan cinyarsa kuma ga takardar farashin kayansa, ta sha gogewa har ta kusa hujewa.

Yana isowa gaban tagarta sai ya ranƙwafo.

"'Yata, wai da gaske ne za a ƙara haraji a kan man da muke sayowa?"

"Baba, kasafin kuɗin gwamnati bai fito ba tukuna. Mu ma a rediyo muke ji."

"Rediyon da jiya ya ce ƙari, yau ya ce ragi? Mai kawo mini mai yana jirana kafin la'asar. In sayi ganga goma in ajiye, ko biyu?"

Ta ce masa ya ƙara haƙuri har kasafin ya fito, abin yana ci mata rai. Tana ji a jikinta akwai ma'aikatansa uku ko huɗu da tukunyar gidansu ke jiran amsar tambayarsa.

Yana komawa benci ya rubuta wata lamba, ya ƙura mata ido, ya yi tsaki, ya juya fensirin zai goge. Ƙarfen da ke riƙe robar gogewa ne ya karce takardar. Robar ta cinye ƙurmus, fensirin kuwa ko rabinsa bai ci ba.