Ranar da Yaya Mamman ya tafi Juma'a a motar Abdu

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Mamman, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙarar salansar mota a unguwarmu ta Glenwood, shi nake tunawa.

Ɗansa Abdu yana da shekara sha bakwai ya samu wata tsohuwar mota. Shi da abokansa na lakwal, wato makaranta, suka tasa ta gaba kamar masu yi wa amarya kwalliya. Suka fesa mata koren fenti, suka sa tayoyi masu walƙiya, suka sauke ta ƙasa har cikinta na neman taɓa kwalta. A lokacin, haka samarin Greensboro, nan Amurka, ke nuna sun isa.

Mutanenmu kuwa suka ce yaro ya lalace. Malam Isufu, dattijon da duk muke jin maganarsa, ya ba da shawarar da aka saba: a tura shi Maraɗi wurin kakanni ya yi hankali. Ni dai gabana ya faɗi, don na san Abdu. In aka tura shi, zai tafi, amma ba zai ƙara kallon ubansa da idon rahama ba.

Yaya kuwa ya yi nasa shirin. Ranar Juma'a ya ɗau wanka, ya zura babbar riga, ya ce yau Abdu ne direba. A hanya suka tarar da Malam Isufu da wasu dattawa biyu suna jiran bas. Mu kuwa ba ma wuce babba a tsaye. Abdu ya so ya yi magana, Yaya ya riga ya buɗe ƙofa.

Ina tsaye da mata a bakin masallaci suka iso. Akwai ɗan tudun nan da ake yi don rage gudu. Mota ta hau, ta yi ƙara, ta zauna daram a kai, ba gaba ba baya.

“Baba, please, sai kun sauka,” in ji Abdu, kamar zai yi kuka.

Kowa ya zuba ido ya ga yadda uba zai ci mutuncin ɗansa. Sai Yaya ya fito yana dariya, ya naɗe hannun riga, ya ce, “Malam, mu muka yi mata nauyi. Bisimilla, a tura.” Haka dattawa huɗu suka tura koriyar motar nan a gaban jama'a. Daga ranar ba wanda ya sake ta da zancen Maraɗi.

Ina tunanin me zai ce da yaran yau, da ke ƙunshe a ɗaki da waya. Ina jin zai ce gara na da, ko ba komai kana jin tahowarsu tun daga nesa.

Motar ta daɗe da zama tarkace. Amma da Yaya ya cika, aka fara neman masu wanka, Abdu ya matso kusa da Malam Isufu. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, “Malam, ku nuna mini yadda ake yi. Ni zan wanke Babana.”