Da Hannuna Na Hana Ɗiyata Maiƙo

A zamanin mulkin Nasara ni magidanci ne mai mata ɗaya da ɗiya ɗaya, ina dafa wa wani Bafaranshe abinci a nan Agadas. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma kunnena ya tsinci Faransanci a bakin murhu, har nake ganin na fi kowa sani a unguwarmu. Mahaifina baduku ne, mutum mai jiki, mai son kitse. Wata safiya ya kife a kan fatar da yake yanka, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, kwana tara Allah Ya karɓi abinSa. Ba a yi arba'in ba na ji wani lokotoro, wato likita, yana gargaɗin maigidana Bafaranshen a kan teburi, wai ya rage man shanu da ƙwai, domin akwai wani abu da suke kira kolesterol, idan ya yi yawa yakan toshe hanyoyin jini har mutum ya faɗi. Na ce a raina, ga wanda ya kashe Baba.

Ranar na koma gida na kafa doka: ba man shanu, ba ƙwai, ba cuku, ba nonon akuya. Ɗiyata kuwa watanta biyu da yaye. Matata ta roƙe ni da in bar wa yarinya ko nono ne a cikin kununta, na ce mata ba ta ji abin da na ji ba. Da na kama mahaifiyata tana tauna wa yarinyar cuku a ɓoye, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ɗaure kayanta ta bi ayari zuwa Iferwan wurin ƙaninta.

Wata bakwai yarinyar nan tana shan tsuran kunun gero. Wadda ta fara tarye ni a ƙofa tana kiran Baba, sai ta yi shiru. Gashinta ya yi ja, fatarta ta tsage, ƙafafunta suka kumbura, ta daina tsayuwa. Mun yi rubutu, mun yi turare, na zagaye malaman garin nan ina kuka, ban taɓa zargin kaina ba. Ran da ta kalli uwarta ba ta gane ta ba, matata ta goya ta ba tare da neman izinina ba, ta nufi gidan likita, ni kuma na bi bayansu ba takalmi.

Lokotoron nan ne dai. Ya tambayi abin da take ci, na faɗa masa da alfahari cewa maganarsa na bi, wadda na ji a teburin maigidana. Sannan ya ce da tsoho mai tumbi yake magana, ba da jaririya ba. Ya ce ƙwaƙwalwa kanta yawancinta maiƙo ce, da kolesterol ɗin nan jiki ke suturta jijiyoyi, yaro mai girma kuwa ba ya yi sai da nono da ƙwai da mai. Matata ta juyo ta ce, “Malam, ka ji?”

Ɗiyata ta rayu, amma sai da ta shekara biyar ta haɗa magana, har yau kuma fahimta na yi mata nauyi. Ita ke kawo mini ruwan alwala yanzu, tana murmushi, ba ta san abin da na yi mata ba.

Ƴan'uwa, maiƙo ya yi yawa cuta ne, rashinsa ga yaro ma cuta ne. Duk abin da kuka tsinta a bakin likita, ku tsaya ku tambaya da wa ake. Tambaya ɗaya ce girman kai ya hana ni, ɗiyata ke ɗauke da nauyinta.