Rumfar Tumatirin Mai Ɗakina

Bayan rasuwar mai ɗakina, da aka gama raba kayanta, na tarar da wani ƙullin tsumma cikin gwangwanin madara a bayan ƙofar kicin. Irin tumatir ne gauraye da toka. Daga Zungur ta zo da asalinsa, ƙanana masu tsami, kowace shekara tana shukawa a bayan ɗaki tana cire iri. Ban taɓa sa mata hannu ba. Ni nawa ci ne.

Daminar farko na shuka rabi a fili. Ruwan Agusta ya kwantar da wasu, kajin unguwa suka ƙarasa sauran. Abin da ya rage bai cika cokali ba, kuma na san in ya tafi babu inda zan samo wani, don mutanen gidansu duk sun koma irin kanti.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, haka na yi aikin sito har na yi ritaya. Na taɓa ganin rumfar shuka ta leda a wajen Gubi, sai na yanke shawarar yin ƙarama. Da farko na auna wurin. Sannan na hau keke zuwa Wunti wajen wani mai walda.

"Baba, mutum nawa za su riƙa shiga?" ya tambaye ni.

"Ɗaya."

"To jikoki fa, in sun zo hutu?"

"Na ce ɗaya."

Ya ce a sa leda a sama, raga a gefe. Na ce raga huji ce, ni kuwa huji nake gudu. Leda nake so ta ko'ina, da ƙofa, da kwaɗo.

"Baba, tumatir za ka sa ko zinariya?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

Ya yi, kuma aikinsa ya yi kyau. Da damina ta zagayo na zuba irin duka, ban rage ko ƙwaya ba. Bayan asuba in ba su ruwa, bayan la'asar in duba ganye, in kulle. Na kai kujera 'yar tsuguno ciki. In ana ruwa nakan zauna ina sauraren sautinsa a kan leda, don ya fi shirun falo. Yarana suna nesa, sukan kira ranar Juma'a. Sauran ranakun, tumatirin nan nake yi wa sallama.

Suka yi tsawo har kafaɗata, suka yi fure rawaya. Sai furen ya fara zubewa. Kullum in share shi, kullum in tarar da wani a ƙasa, babu ɗa ko ɗaya. Na ƙara ruwa, na rage ruwa, na sa taki. Bai canza ba.

Wata Lahadi matar maƙwabcina, mutuniyar Bogoro, ta shigo da kwanon abinci bayan ta taso daga coci. Ƙawar marigayiya ce, takan tuna da ni lokaci-lokaci. Ta leƙa rumfar, ta ja da baya tana fifita da gefen mayafi.

"Kai, Baba! Wa ya yi laifi aka ɗaure shi a nan?"

Na ce mata daga kaji nake tsare su.

"Kaji sun fita, iska ma ta fita. Ga zafi kamar gidan burodi. Ka manta igiyar shanyar Mama? A sandunan tumatirin take ɗaure ta. In ta yi shanya, su girgiza; in ta kwashe, su girgiza. Ita ta ce mini in ba a motsa su ba, furen ba ya kamawa."

Na tuna igiyar. Ni na kwance ta bayan sadakar bakwai, da na ga babu sauran zanen da za a shanya.

Da ta tafi na ɗauko reza. Na tsaga ledar gefe biyu, na naɗe ta sama. Washegari na koma Wunti na sayo ragar da na ƙi, mai walda yana kallona yana murmushi, ban kula shi ba. Na nemo igiyar a sito, na ɗaura ta a sandunan, na fito da ɗaya bakin ta ƙofa zuwa ƙusar bango. Daga ranar na daina kai wanki waje. Da kaina nake yi, riga ɗaya ko biyu, in shanya da safe, in kwashe da yamma.

Lokaci ya riga ya ja, yawancinsu sun tsufa. Biyu da ke bakin ƙofa ne suka kama, 'ya'yan ma kaɗan. Waɗanda suka fara nuna ban ci ba. Na matse su a kan tsumma, na shanya a inuwa, na gauraya da toka yadda na tarar da nata. Sannan na raba biyu, na miƙa wa matar maƙwabcina rabi ta kan katanga. Ɗaya rabin na mayar cikin gwangwanin, a bayan ƙofar kicin.