Kwalbar da Ƙanina Ya Binne

Ƙanina ya binne kwalba a tsakiyar gonarmu. Kafin wata damina ta zo an raba gonar biyu.

Gonar ta mahaifinmu ce, tana kan hanyar Bakori. Da ya rasu ba a raba ba, ni na ci gaba da nomawa: auduga, dawa, 'yar masara a gefe. Ni ban yi boko ba. Shi aka kai makaranta tun yana ƙarami, ya yi ta gaba har Zariya, har aji shida na sakandare, inda aka ce ɗalibi yakan ɗauki darasi kaɗan ya zurfafa a ciki. Nasa labarin ƙasa ne. Ranar da na ji sunan na ce a raina, ƙasar wa?

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai ya zo hutun damina da kaya a jaka. Washegari na same shi a gona ya haƙa rami, ya dasa gwangwani, kwalba a ciki, mazurari a bakinta.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ma'aunin ruwan sama ne, Yaya. Malaminmu ya ce kowa ya auna na garinsu, ya ɗebo ƙasa, ya zana gona a takarda. Da shi za a ba mu maki."

"Ruwan da Allah ya saukar kai za ka auna masa?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kullum da safe sai ya je ya juye abin da ya taru a wani siririn kofi mai zane-zane, ya ɗaga sama ya kanne ido, ya rubuta. Ya bi kusurwa huɗu na gonar ya ɗebi ƙasa, kowacce da ƙullinta. Ya taka iyaka yana ƙirga sawu. Ni dai na girma na san wanda ya ɗebi ƙasar gonarka ta kusurwa huɗu, ya kuma binne kwalba, ba alheri yake nufinka da shi ba. Takarda kuma na ga yadda take yi a wurin awon auduga: mai biro ya faɗi, mai buhu ya yi shiru.

Sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu ta wajen Danja, ya yi baƙi, ya watse. Kwana goma sha biyu haka. Masara ta nannaɗe ganye. Maƙwabcina na gona ya tsaya a kan iyaka yana kallon mazurarin, ya ce, "Ɗan bokonku ya kulle mana sama a kwalba, ko?" Da wasa ya faɗa, amma bai tafi da wuri ba.

Ban fasa kwalbar ba. Abin da ba ka san yadda aka ɗaura ba, ba ka kwance shi da ƙarfi. Na je wurin wani malami ya yi mini rubutu, aka wanke allo, na zo da shi a gora. Daga sallar asuba na wuce gona na tsiyaya a mazurarin. Kwana uku ina yi.

Rana ta farko ya rubuta. Ta biyu ya tsaya yana taɓa ƙasa, ƙasa a bushe. Ta uku ya zo ya same ni ina wasa fartanya, kofin a hannunsa.

"Yaya, yaushe aka fara ruwan sama da tawada?"

Na ce, "Kai ne masanin ruwa."

"Ka ɓata mini lissafi. Me zan ce wa malaminmu?"

"Ka ce masa gonar tana da mai ita."

Ya ce, "Au, abin da kake zato ke nan?" Ya zubar da kofin a gabana. Da la'asar ya tone gwangwaninsa. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Maƙwabcina ya ce to ka gani.

Da kaka wasiƙar ƙanina ta zo wa kawunmu, yana neman a raba gado. Dattawa suka zo da igiya. Babba ke rabawa, ƙarami ya zaɓa. Na raba da wayo: na ware tudu mai jar ƙasa inda auduga take yi, na bar gangare mai ƙaya da laka, na ƙara masa faɗi don a ce na yi adalci. Na san tudun zai ɗauka, na kuma shirya rigima a kansa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna gangaren.

Da rani ya sa aka haƙa rijiya a can. Zurfin gaba biyu aka tarar da ruwa. Ya ba wani mutumin Danja wurin, ya yi lambu, tumatir da rake, shekara duka kore. Tuduna ya yi ta gajiya har auduga ta daina kai gwiwa.

Kawu ya ce ni na kore shi da zargi, da bai taɓa tunanin rabo ba. Wataƙila. Amma wanda ya san inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin ƙaya, tun yana ƙulla ƙasa ya sani. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Mukan gaisa da salla.

Yanzu ina Funtua, ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, gidan ɗana. Tudun na sayar.