Mazaunin Dutse a Jalingo

Ana idar da sallar asuba muka bar Gombe, ni da ƙanena, a bayan wata motar gyaɗa. Jalingo muka nufa, inda babban ɗana ya je yi wa hukumar En'e aikin gini, zazzaɓi ya kama shi da damina, Allah ya karɓi abinsa. Burina in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a.

Hanyar Numan duk rami ce. Motar kan tsaya a kowane tudu, sai mu sauka mu tura, har ƙanena ya ce da mun san mu za mu kai ta, da mu za a biya. A bakin Binuwai muka ci gasasshen kifi na kwabo uku, sannan aka ƙetare da mu a jirgin fito. Washegari muka fara hango duwatsu da kunyoyin doya, tsayin wasu ya kai ƙugun mutum.

Mun sauka a unguwar Turaki, gidan wani Bakatsine maɗinki, inda yaron ya zauna. Shi ya raka mu maƙabarta. Ruwan bana ya baje ƙasa, ciyawa ta rufe komai. Ya nuna nan, ya koma ya nuna can, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kada in yi maka ƙarya." Muka yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin.

Da la'asar maɗinkin ya kai mu lambun da ke gaban ofishin En'e, inda masu jiran shiga suke hutawa. A gindin wani maɗaci akwai mazauni na dutse da siminti, an lanƙwasa shi kamar jinjirin wata. Mai ban ruwan furanni, wani dattijo Bamumuye, ya ce da idonsa ya ga yaron ya ɗaura igiya a jikin itacen, ya zagaya da tsinke yana shata inda zai gina mazaunin, don kowa ya sami inuwa daidai da ɗan'uwansa.

Na tsuguna na shafa simintin. Ni ma magini ne, na san tafiyar cokali. Wannan shafen daga dama ya taso ya tafi hagu. Yaron bahago ne tun yana rarrafe. Na bi shi da tafin hannu daga wannan baki har wancan.

Wata tsohuwa mai tallan nono tana zaune a kai, ta ce, "Bappa, dutse kake wa tausa? Zauna mana, ba na Bature kaɗai ba ne." Ƙanena ya gaya mata ko ni wane ne. Ta janye ƙwaryarta, ta matsa mini. Na zauna har inuwa ta kau.

A hanyar dawowa ban lura da ramukan ba. Tafiyar ta nuna mini ƙasa tana iya ɓoye mutum, aikin hannunsa kuwa ya zauna a fili.

Da muka iso gida, uwar yaron ta tare ni a bakin ɗaki. Ta ce, "Malam, ka ga makwancinsa?"

Na ce, "Ban gani ba. Amma na zauna inda ya gyara wa mutane su huta."

Ta ce, "Idan rani ya yi, ka kai ni."