Yardar Mata Shida

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Gozaki, in aka cire biki da gaisuwar rasuwa da asibitin Malumfashi lokacin haihuwa, ƙafata ba ta cika wuce ƙofar gida ba. Ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba, tunda garin ne ke zuwa wurina. Da hantsi, in maza sun tafi gona, mata kan shigo ɗaya bayan ɗaya, wannan ta zo aron rariya, waccan wai ta zo duba ni, alhali ƙalau nake. Ni kuwa na san abin da ya kawo su, kuma ba na tambaya. Sai in turo wa mace tiren gyaɗa, in zauna gefenta, ba gabanta ba, mu yi ta ɓara. Kafin mu cika kwano ta fara. Mace ba ta son a kafe ta da ido in za ta faɗi abin da ke cin ta, amma in hannunta na aiki, idonta na kan tire, bakin sai ya saki da kansa.

Ƙanwata, autar ɗakinmu, ita ce ta yi karatu. Ni a aji huɗu na tsaya, shekarar da Inna ta kwanta ciwo, kuma a bayana autar ta yi wayo. Ta yi digiri, ta sake komawa Zariya yin na biyu, a kan abin da suke kira aikin kula da walwalar jama'a. Da na ce ta warware mini shi da Hausar mutane, ta ce sauraren jama'a ne da taimaka musu su sami haƙƙinsu. Na ce ashe ni na daɗe da gama digirin nan, takardar ce kawai ba a aiko mini ba. Muka yi ta dariya. Ranar kam wasa nake yi.

Da kakar bara waccan ta zo ta zauna wurina wata biyu, wai makaranta ta tura su yin aiki cikin mutane. Ta zaɓi maganar matan da mazajensu suka rasu, da yadda gonar gado ke sulalewa daga hannunsu. Ranar farko ta sa aka kira matan unguwa zuwa tsakar gidana, ta hau kujera da takardu da biro. Matan na ganin takarda da biro suka ɗauka rajistar takin zamani ce. Kafin azahar gidana ya cika, har da waɗanda mazajensu ke can gona da ransu suna karyar masara. Kowace na faɗin sunanta da ƙarfi, tana ƙara na 'yarta da na surukarta. Da suka gane babu taki sai fuskoki suka canja. Duk tambayar da ta yi, amsar ɗaya ce, lafiya lau, alhamdulillahi. Wata tsohuwa ma ta tambaye ta ko ita ce sabuwar mai rigakafi.

Bayan la'asar na same ta bakin murhu ta yi tagumi. Na ce ta tura takardun nan ƙarƙashin katifa, ta ajiye takalmin nan mai tsini, gobe ta zauna ƙasa kusa da ni ta ja tire, kada ta ce uffan. Ta yi yadda na ce. Kwana uku ba ta yi magana ba sai gaisuwa, yatsunta har suka yi ja don ba ta saba ba. A rana ta huɗu maƙwabciyata ta bayan gida ta shigo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Ƙannen mijin ne ke noma fadamar da ya bari, in an yi girbi su aiko mata da ɗan abin da suka ga dama, kamar sadaka. Na san labarin shekara da shekaru. Abin da nake yi mata shi ne in ba ta haƙuri, in zuba mata miya ta tafi da ita.

Autar ta saurara har ƙarshe. Sannan a hankali ta tambaye ta ko an taɓa raba gadon. Ba a taɓa ba. Cikin mako biyu ta raka ta wurin liman, daga nan wurin mai unguwa, aka kira ƙannen mijin, aka yi ta zama ana tashi. Ranar da aka ja igiya a fadama aka fitar wa matar nan tumuninta da rabon 'ya'yanta, ni na dafa shinkafar murna. Na yi farin ciki, Allah ya sani. Amma tun daga makon nan, in mace ta yi sallama a gidana, kafin ta gama gaishe ni idonta na leƙen ɗakin baƙi. Auta na nan? Haka suke tambaya, suna riƙe da rariyata.

Mata shida ta yi aiki da su kafin ta koma. Bayan wasu watanni ta kira ni a waya. Wai akwai wata dama, ana ɗaukar ɗalibai irinsu daga ƙasashe daban-daban a kai su Kenya wata uku, su yi aiki tare a kan haƙƙin mata a gonaki, kuma ta tsallake matakin farko. Ta ce abin da ya burge masu zaɓen shi ne yadda aka yi aikin, zama gefe da gefe ana aikin hannu, ba tambaya. Ta karanta mini takardar da ta aika musu, da Turanci, tana fassarawa. Ni ba na jin Turanci, amma kunnena ba ya wuce abu. Na ji Gozaki sau uku. Na jira in ji inda aka ambace ni, ban ji ba. Da na tambaya ta ce doka ta hana sa sunan kowa, amma ina ciki, an rubuta wata dattijuwa a unguwar.

Dattijuwa. Ni da ko furfura ɗaya ban fara ba.

Na ajiye waya na ci gaba da tankaɗe, garin na zuba a ƙasa ban lura ba. Na yi ta ganin ta a raina cikin jirgi, da fasfo a hannu, ta tsaya gaban baƙin fuskoki tana nuna musu yadda ake turo tire, suna tafa mata. Ni ko Katsina sau biyu na taɓa zuwa. Ba wai ina son zuwa Kenya ba ne, ni da motar Funtua ma ke sa ni jiri. Abin da ya tsaya mini shi ne, abin da na ɗauka halina ne kawai, ashe abu ne da ake rubutawa, har a hau jirgi da shi, kuma ba ni ce zan hau ba.

Saura sharaɗi ɗaya. Sai kowace mace cikin shidan ta yarda a yi amfani da labarinta, a ɗauki muryarta a waya tana faɗin haka, a aika kafin wata Juma'a. Labarin da babu yardar mai shi, dole a cire shi. Auta ta roƙe ni in yi musu bayani kafin ta iso ranar Litinin, tunda maganata suke ji. Na ce to.

Matan suka zo, su shida, suka zauna. Na gaya musu yadda aka ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Sai maƙwabciyata ta dube ni ta tambaya ko ni a ganina babu komai. Da na ce babu komai, da shi ke nan. Amma na yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da na san yadda suke karanta shi, sannan na ce:

"Ni dai ban san inda maganar za ta tsaya ba. Yanzu komai a waya yake yawo."

Ba ƙarya na yi ba, kuma da wannan na yi ta kare kaina. Sai dai na san abin da nake yi.

Ranar Litinin auta ta iso da tsarabar lemo da burodi. Ta aika a kira su, babu wadda ta zo. Wannan kanta na ciwo, waccan ta tafi Kafur awo, ɗaya an ce tana gona tsinkar wake, ita da ba ta taɓa shuka wake ba. Auta ta zauna bakin gado ta daɗe tana kallon wayarta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Yaya, me kika ce musu?"

Na ce abin da ta ce in faɗa.

"Bayan shi fa?"

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta ce tambayar da na tayar tambaya ce mai kyau, a makaranta ma ana koya musu ita, kuma tana da amsarta, da na bari ta zo ta ba su. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Da kin ce mini ba ki so, wallahi da ban cike fom ɗin ba. Ke kika goye ni."

Washegari na sa hijabi na fita. Mutane suka yi ta leƙowa suna tambayar ko rasuwa aka yi, ganin ni a hanya da rana tsaka. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Zama a tsakar gidan wata daban yake, ban san inda zan sa hannuwana ba. Na ce musu ba za a faɗi sunan kowa ba, muryar kuma ba za ta fita daga ofis ba, kuma ni ce na yi subul da baka. Huɗu suka yarda, biyu a ranar, biyu ranar Laraba. Ta biyar mijin 'yarta ya hana.

Maƙwabciyata na bari ƙarshe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta saurare ni da kyau. Ta ce autata ta yi mata abin da ba za ta manta ba har ta mutu. Amma da ƙyar ƙannen mijinta suka fara amsa gaisuwarta, kuma 'yarta ta fari an fara zuwa neman aurenta. In wata rana aka ji muryarta a wayar wani a kasuwa tana faɗin sirrin dangin miji, wa zai tsaya mata? Na rantse mata ba za a ji ba. Ta ce ta yarda da ni ranar farko, kuma ba ta san wace maganar tawa za ta ɗauka yanzu ba. Na sha furar don kada in ɓata mata, na tashi.

Labarinta ne ƙashin bayan takardar, shi ne wanda aka kai har ga raba gona. Auta ta cire shi, ta yi kwana biyu tana gyara sauran a kan teburin Malam, maigidana, ta aika da safiyar Juma'a. Ta koma Zariya ranar Asabar. Mun yi sallama yadda muka saba, na cika mata leda da ƙuli-ƙuli da daddawa, ta karɓa ta yi godiya.

Bayan wata guda ta kira ta ce ba a ɗauke ta ba. Sun ce aikin yana da kyau amma misalan ba su kai ƙarshe ba, ta sake nema wata shekarar. Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Abu na farko da na ji a ƙirjina sanyi ne, wani sauƙi kamar an sauke mini tulu daga ka. Kunyar daga baya ta zo, kuma ita ce ta zauna. Na ce mata Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ce amin, ta tambayi yara.

Bana ta sake nema. A Kafur take aikin, gidan gwaggonmu, wata biyu ke nan. Tana kirana duk Juma'a, tana aiko wa yara littattafai, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na ji an ce gwaggo ta sa an share mata ɗaki har da sabon labule, kuma mata na cika gidan tun da safe. Gwaggo fa, wadda ba ta iya barin mutum ya kai ƙarshen magana ba tare da ta katse shi ba. Kafur ba nisa, in na hau babur kafin shayi ya huce na isa. Malam ya ce in shirya ya kai ni in duba su. Na ce masa sai an gama shigar da dawa.