Odar Yaya Idi a Kwanar Bukoki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idi, direban kar ɗin ma'aikata a Arlit. Kar ita ce doguwar motar da ke kwasar masu aikin ramin yuraniyom daga unguwanni zuwa bakin aiki, ta dawo da su. Ni ƙanwarsa ce, kuma maigidana yana cikin waɗanda yake ɗauka.

Hanyarsa ɗaya ce kullum. Daga bakin kasuwa ya shiga Bukoki, ya miƙe Akokan, sannan ƙofar ma'adini. Mutum ne mai taurin kai, Allah Ya jiƙansa, ko uwarsa ce ta tsaida shi inda ba matsaya ba, sai dai ya ɗaga mata hannu ya wuce. Ni kaina ya sha wuce ni da kaya niƙi-niƙi a ka, in bi shi da masifa, da yamma ya zo yana dariya ya cinye mini tuwo.

Amma akwai abin da ya ƙirƙiro wanda ba wanda ya sa shi. Kowa a motarsa yana da kujerarsa. In an tashi aiki da la'asar, ba ya ta da mota sai ya bi kujerun da ido ya san inda kowa yake. In sun cika, yana kawowa kwanar Bukoki sai ya danna oda sau biyu. Mu matan unguwa da wannan muke sanin duk wanda ya shiga rami ya fito. Kina cikin daka, kin ji oda, sai ki ci gaba da dakanki.

Wata Laraba motar ta shigo shiru. Wallahi har yau ina jin yadda taɓarya ta yi mini nauyi a hannu. Mata suka firfito ƙofar gida, kowace tana kallon ta kusa da ita. Ya sauke mutane, ya fito, ya taho da ƙafa, ya wuce gida huɗu, ya tsaya a nawa.

"Hadiza, ɗauko mayafinki. Dutse ya faɗo wa baban Laminu, yana asibiti, da ransa na baro shi."

Daga baya abokan aikin suka gaya mini wani shef, wato babba a wurin aikin, ya ce masa ya yi odarsa yadda ya saba kada a ta da hankalin unguwa, a sanar da iyali in an ga yadda jikin ya yi. Yaya ya ce shi ba ya danna ta a kan kujera wofi. Mutumin da bai taɓa kauce wa hanyarsa ba, ranar ni kaɗai ya ɗauka a wannan ƙatuwar mota har ƙofar asibiti. Na tarar da maigida yana magana, ya bar mini wasiyya a kan yara. Kafin magariba ya cika.

Nakan ce da Yaya zai leƙo yau, da ya sha mamaki. Ramin Akokan an rufe shi, kar ɗin da ya tuƙa ban san inda ta ƙare ba. Cikin gari 'yan kabu-kabu masu babur ne ko'ina, su tsaya inda suka ga dama, abin da zai sa shi ciwon kai. Matasa kuwa sun koma haƙar zinariya. Autana Laminu yana wajen haƙar a Tchibarakaten wata na biyar, a bayan buɗaɗɗiyar mota ya tafi, an jera su kamar buhunan gero. Wayarsa takan yi sati uku ba ta shiga, ni kuwa tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne tsofaffin mata irina da suka saba da direban da in ya ce lafiya, to lafiya ce. Wannan sabo da na yi ne yake wahalar da ni yanzu.

Shekaranjiya na je tasha na tare wani direba da ya sauko daga can. Yaro mai ladabi, har ya rusuna. Na ce masa ɗana yana wajen zinariya, ko ya gan shi.

"Lafiyarsa ƙalau, Inna, jiya ma muna tare."

Na yi masa godiya na juyo gida. Alhali ko sunan ɗan nawa ban kai ga faɗa masa ba.